'Yan Hayan Aku

Zuwa ga uwargidana, Maman Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga kai. Yaya ɗakin kwanan ɗalibai, yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan kalau muke, sai kewarki.

Kin ce a waya ban iya cewa komai ba sai "lafiya lau", don haka in riƙa rubuto miki wasiƙa. To ga ta. Ban manta alkawarin da kika sa na ɗauka a tasha ba, cewa ba zan ɓoye miki komai game da 'yarmu ba. Ban kuma manta naki ba, da kika ce in ƙirjinta ya sake kamawa irin na bara za ki tattara littattafanki ki dawo. Wannan maganar ce ta hana ni sakat. Bara kin bar kwaleji saboda an kwantar da ita a asibiti, kuma sun gaya miki wannan ce damarki ta ƙarshe. Ni kuwa ina so in ga ranar da yara za su miƙe tsaye su ce miki Malama.

Na kai Aku wurin likitan yara, matar nan mai tabarau a goshi. Ta saurari ƙirjinta ta ce fes yake. Sai ta yi mini wani bayani da ya bar ni baki buɗe. Wai a hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta masu rai, ba iyaka, yawancinsu masu amfani, suna taya jiki narka abinci, suna kuma koya wa garkuwar jiki aikinta. Magunguna masu ƙarfi da Aku ta sha bara sun kashe mugayen, sun haɗa da na kirkin. Ta rubuta mana wani gari a 'yan ƙunshi, wanda ke ɗauke da irin na kirkin, a dama mata kowace safiya. Ta ce ba ta yi alkawarin zai hana mura ba, wasu yaran yana rage musu yawanta, wasu ba a ganin bambanci, masana ma suna kan bincike.

Ki dubi lamarin nan don Allah. Ni da aikina a asibiti shi ne in wanke almakashi da hantsaki in zuba a tukunyar tururi don kada ƙwaya ɗaya ta tsira, ni aka ce in saya wa 'yata ƙwayoyi in ba ta a cokali. Yaya, babbar 'yar'uwata, ta yi mini dariya har da riƙe ciki. Likita ta gaya wa Aku cewa 'yan haya ne za su tare a cikinta, ita kuwa kin san bakinta, kafin mu iso gida duk motar haya ta ji labari.

Ni nake dama mata da hannuna, ban yarda kowa ya taɓa kofin ba. Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu.

Yaya tana gaishe ki. Aku ta ce ki zo mata da alli mai launi.

Mijinki mai kewarki,
Baban Aku

Zuwa ga Maman Aku,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗin labarin koyarwar gwajin da kika yi, sai dai yaron da ya yi barci a ajinki ban yafe masa ba.

Aku lafiyarta lau, har kumatu ta yi. Yanzu tana cin wake da kabeji, abin da ke da kanki kika kasa sa ta ci, don likita ta ce irin abincin da 'yan haya ke so ke nan. Tana ci tana yamutsa fuska tana cewa ba don kanta take ci ba.

Akwai abin da zan gaya miki, amma in za ki yi dariya ki fita daga ɗakin karatu tukuna. Makonnin nan duk ina ta cika baki a wurin aiki, ina yabon garin maganin nan, har matar da muke naɗe kayan tiyata tare ta ce ko kamfanin ya ɗauke ni talla ne. Shekaranjiya da safe na tafasa ruwa kamar kullum, na juye garin a kofi, na ɗaga buta zan zuba. Aku tana tsaye a gefena, haɓarta a kan tebur. Sai ta tambaye ni ko 'yan hayarta ba sa jin zafin ruwan.

Maman Aku, na tsaya da buta a hannu kamar an dasa ni. An ce mini a dama da ruwa mai tsabta, ni kuma a wurina ruwa mai tsabta shi ne wanda ya fito daga wuta yana tururi. Haka nake zuba shi a kan garin, in juya, in jira ya huce, in ba ta. Da wani ne ya yi sai a ce rashin sani. Ni fa abin da nake ci da shi ke nan, na fi kowa sanin abin da tafasasshen ruwa ke yi wa ƙwaya. Hannuna ne kawai ya yi aikin da ya saba. Tun ranar farko babu ɗan haya ɗaya da ya isa cikin yarinyar nan da ransa.

Na koma wurin likita kunya kamar ta kashe ni. Ba ta yi faɗa ba, ta dai cire tabarau ta goge hawayen dariya. Na tambaye ta to me ya sa Aku ta yi lafiya duk tsawon lokacin nan. Ta ce ba ta sani ba, wataƙila abinci ne, wataƙila girma ne, wataƙila sa'a ce. Sannan ta tambaye ni ko yarinyar tana wasa da sauran yara. Na ce mata a'a. Kin san tun bara ban bar ta ta sauka tsakar gida ba, daga taga take kallonsu. Likita ta ce a wanke hannu kafin cin abinci, a kiyaye rigakafi, amma gida ba ɗakin tiyata ba ne.

Yanzu nakan bar ruwan ya huce sarai kafin ya ga garin. Jiya kuma na buɗe mata ƙofa ta sauka wurin yaran maƙwabta. Na zauna a matakala da sabulu a aljihu, ina kallonta, ita kuwa ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ki gaida abokiyar ɗakinki.

Naki har kullum,
Baban Aku

Zuwa ga Maman Aku,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kina kuma samun barci duk da jarrabawar da ta matso.

Na so in jira sai kin gama kafin in rubuta wannan, har Yaya ta ba ni shawarar haka. Amma alkawari na ɗauka. Aku ta kamu da mura. Ta fara da atishawa, sai majina, sai ɗan zazzaɓi da tari. Da na ji tarin farko sai na tuna gadon nan na bara da robar iska a hancinta, na zargi kaina da buɗe ƙofa.

Na kai ta wurin likita tun da safe. Ta saurari ƙirjin gaba da baya, ta ce murar ba ta sauka huhu ba, irin wadda kowane yaro ke yi ce, ba ta bukatar maganin nan mai ƙarfi. Ta nuna mini abin da zan lura da shi, wato saurin numfashi, ko haƙarƙari yana lotsawa, ko ƙin shan ruwa. Babu ko ɗaya. Yau zazzaɓin ya sauka, ta cinye ayabarta ta cinye tawa, tana zaune tana yi wa 'yar tsanarta faɗa a kan wanke hannu, da muryata sak.

Na gaya miki gaskiya duka, ban rage komai ba. Yanzu ga roƙona: kada ki taho. Na san da kin karanta kalmar tari idonki zai kai kan akwati. In abu ya canza, ni da kaina zan kira ki kafin in kira kowa. Ki yarda da ni kamar yadda na yarda na buɗe ƙofar nan, ki zauna ki rubuta jarrabawarki.

Mijinki,
Baban Aku

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata gajiyar jarrabawa ta sake ki. Ki bar ni in kira ki da sunan tun yanzu, sakamako ya same mu a hanya.

Abokiyar ɗakinki ta tona miki asiri a waya, ta ce kin haɗa akwati har kin kai shi bakin ƙofa, sannan kika zauna a kansa kika buɗe littafi. Na san abin da zaman nan ya ci miki, kuma na gode.

Aku ta warke sarai. Ko 'yan haya ne suka yi aikin, ko jikinta ne ya yi ƙarfi, ni dai ban sani ba, na kuma daina cika baki. Mun share ɗaki, mun wanke labule, za mu zo tasha tarbarki. Kada ki manta da allin.

Tabon da kika gani a ƙasan takardar nan hannunta ne. Daga tsakar gida ta shigo da gudu, duk ta yi buɗu-buɗu da ƙasa, ta dafa wasiƙar ta ce ita ma ta sa hannu. Na ɗauko tsumma zan goge, sai na mayar da shi inda yake.

Mijinki mai jiran isowarki,
Baban Aku