Jan Biro a Gefen Babi na Uku

Giza, Mayu 2014

Ya Abdulhadi, sanyin idona, inuwata a garin da ranarsa ba ta da kunya, ƙamshin ruwan farko na damina wanda na shekara huɗu ban shaƙa ba,

Ka gani, na iya irin wannan magana. Ƙi kawai nake yi.

Yau da hantsi Dakta Amna, mai duba kundin digirina, tana ta bayani ina gyaɗa kai, sai na lura takardun da ke hannunta duk jan biro ne a gefe, kuma ba rubutunta ba ne. Ashe kwafin babi na ukun da na ba ka na miƙa mata bisa kuskure, wanda ka bi da hashiya, sharhin gefen shafi, cikin Larabci kamar yadda kuke yi wa littattafan fiƙihu a unguwarku ta Darrasa. Ta karance tas. Ta ce ko wane ne wannan shehin, ya fi ni gane yarinyar da nake nazari a kanta.

Shafi arba'in na rubuta a kan yarinyar nan ta labarin Ingila na ƙarni na sha tara. Na ce ubanta ya tafi ya bar ta tana ƙarama, shi ya sa duk wanda ya matso sai ta riga shi juya baya. Na ce tsoron da ta danne a ranta ne ya raba ta da mai sonta, har ta mutu ita kaɗai a ɗakin haya. Na jero masana kamar masu zuwa ta'aziyya. Kai kuwa layi ɗaya ka sa a ƙarshe: ba mutuwa take nema ba, so take a sake tambayarta, shi kuma kunya ta hana shi. Sai yau na ga layin nan, don tun da ka dawo mini da kwafin ban buɗe shi ba. Me nake tsoron gani?

Ka tuna la'asar ɗin nan a bakin Nilu, da ruwan rake a hannunmu, Hawwa ƙawata ta yi gaba kamar jiragen ruwa take kallo? Ka ce kana so malaminka ya je wurin Abba kafin ka koma Gusau. Na ce sai na gama babi na uku. Na yi dariya, ka taya ni. Wata biyu ke nan ba ka sake tada maganar ba, jirginka kuma Alhamis zai tashi.

Ni ba ni da uzurin yarinyar. Ubana yana nan a unguwar Mohandessin yana shan shayinsa. Abin dai, aikin jakadanci ya yi yawo da mu, Khartoum, Jidda, Alƙahira, har na saba da kada in shuka abin da ba zai shiga akwati ba. Sai ga ka, mai haƙuri kamar kogin nan, mai taushin murya kamar iskar asuba, ka yi saiwa ban ankara ba. Wa zai gyara mini Larabci yana ba ni haƙuri? Ina zan kai wannan gari idan babu kai a cikinsa?

Ba sai ka sake tambaya ba. Na yarda. Na kira Umma, ta ce Abba yana gida ranar Talata bayan la'asar. Ka zo da malaminka. Ko shekara nawa kundin nan zai ci, ko Gusau ta fi nan zafi, ni taka ce, ba kuma zan sake mayar da maganarka wasa ba.

Dakta ta bar mini ofishinta rabin awa, ta ce khalas, wato ya isa haka, in rubuta abin da zan rubuta in ja mata ƙofa. Na gama. Yanzu zan ja ƙofar in sauka neman motar Darrasa.

Taka, muddin rai,
Mardiya