Wasan tabarma ya sa Inna ta daina karɓar wayata

Hajiya, don Allah, in ke kika haihe ni, za ki yi hushi da ni kan abin nan? Ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni daga wajen Korahane nike. Bana na zo Dakoro wurin kawuna mai saida hatsi, don da aka raba gonar babanmu, abin da ya zo kaina ko akuya ba ta ƙoshi da shi. Karatun lakwal, wato boko, ban yi nisa ba. Wani furoje, wato shirin wata ƙungiya, ya ɗauke mu, aka koya muna faɗakar da mutane kan yawan jama'a da ƙarancin gona da lahiyar mata. An ba mu hotuna, amma ni wasan tabarma ya hi shiga kaina. Ka shimfiɗa tabarma, ka ce gonar kaka ce. Mutum guda ya hau, sai ɗiyanshi, sai jikoki, har wuri ya ƙare wani ya faɗo. Sannan ka tambayi mutane mi suka gani.

Ranar da na yi na farko a bakin gidan likita, Inna ta biyo motar kasuwa ta zo ganina, da zanenta na salla, har da hura ta damo mini. Yara suka hau, wani ƙarami ya faɗo. Ni kuma don a gane, na ce ni ma haka na faɗo daga gonar babanmu. Madam mai koya muna har ta tafa mini. Sai wata mata ta dubi Inna ta ce ashe ita ta cika tabarmar. Aka yi dariya.

Inna ta tashi daga wurin. Ta bar ƙwaryar wurin kawu, ta koma ko sallama babu. In na kira wayar wana Yazidu, sai ya ce tana daka, ko ta tahi rijiya. Jiya ya ce ta tambaye shi wai ko ina ganin da ba a haihe ni ba ya hi. Wallahi ba haka nike nuhi ba. Amma kuma gonar ba ta isa, ba ƙarya na yi ba. Ga shi an ce sati mai zuwa garinmu zan kai wasan.

Bari in tsaya nan, mota ta iso, kawu na kirana sauke buhu.

Ɗan Korahane

Amsa

Ɗana, da ni ce, da na ji zafi, kuma da na huce. Ita ma za ta huce, amma ba ta waya ba.

Gaskiyarka, gona ba ta ƙaruwa, kuma aikinka mai amfani ne, kada ka bar shi. Sai dai ka dubi nata ɓangaren. Mace ta yi kwalliya ta zo ta ga ɗanta ya zama mutum, aka mayar da haihuwarta abin dariya, kuma daga bakinka aka samu ƙofa. Ba ita kaɗai ta yanke yawanku ba, amma ita kaɗai aka kalla.

Ka roƙi kawunka kwana guda, ka je gida kafin ranar wasan. Kada ka kai mata bayanin furoje. Ka durƙusa, ka ce ka yi kuskure, ka gaya mata da bakinka cewa kana godiya da ta haife ka.

Sannan ka shaida wa madam abin da ya faru. A garinku ku yi wasan da tsakuwa, kada a ture ɗan kowa, kuma a kira maza, don su ke rabon gona. Kada ka sake ba da misali da gidanku. In Inna ta ce ba za ta zo kallo ba, ka ƙyale ta.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya yi maka albarka.