Yaya Bashir, Ni Na Tura Ka Gaban Sabuwar Ƙwallo

Zuwa ga Yaya Bashir, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Hajara da dukkan mutanen gida. Ya ƙarfin jiki? Ya idon? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan Catford lafiya lau, sai ruwan saman da ka sani.

Na san ƙananan rubutu suna ba ka wahala yanzu, kuma Anti ce za ta karanta maka wannan. Ka roƙa min ita ta daure ta kai ƙarshe, ko da ranta ya ɓaci a tsakiya, don zai ɓaci. Da gangan kuma na sa wasiƙar a shafina na intanet inda kowa zai gani. A gaban mutane ka rufa min asiri, saboda haka a gaban mutane ya kamata in tona kaina.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ba uba ɗaya ba. Abokin kawuna ne kai. Amma kai ka zo filin jirgi ka ɗauko ni shekara goma sha huɗu da suka wuce, ina ɗalibi da jaka ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai. Wata uku ina kwana a falon flat ɗinka. Kana koyar da lissafi a sakandare, kana dawowa a gajiye, amma ba ka taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Lahadin farko ka ce in zo in raka ka filin wasa. Ni ɗan Kano, ƙwallon ƙafa kaɗai na sani, sai ga ni a cikin manyan mutane sanye da fararen kaya suna wasan kurket: direbobin bus, ma'aikatan jinya, likita ɗaya, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da 'yan Pakistan da 'yan Jamaika. Dariya na yi ta yi a raina. Kafin shekara ta zagayo, kai ne kake jefo min ƙwallon tanis a lungun ƙofar ɗakinku, kana gyara min riƙon bat, wato sandar bugu, Anti tana faɗa daga kicin kada mu fasa mata madubi.

Kai ka koya min cewa jerin masu bugu ba a banza ake tsara shi ba. Mutum biyun da suke buɗe wasa su ke fuskantar sabuwar ƙwallo, ja wur, mai tauri kamar dutse, tana karkata a iska, masu jifa kuma suna da cikakken ƙarfinsu. Kafin a zo kan na biyar, ƙwallo ta yi laushi, masu ƙarfin jifa sun gaji, an koma masu murɗa ta a hankali. Nan ne gidanka. Shekara ashirin kana lamba biyar, kuma a nan ba ka da na biyu. Sau nawa muka faɗi warwas ka shigo da tsohuwar koriyar hularka ka riƙe mana wasa har yamma? In an ce me ya sa ba ka hawa sama, sai ka yi dariya ka ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ka tuna wata Asabar a kasuwar Deptford, muna sayen doya da attaruhu? Ka miƙo min wani gwangwani ka ce in karanta maka abin da aka rubuta a jikinsa. Da muka fito, ka tsaya a gefen titi, ka rufe idonka na dama da tafin hannu, ka ce na hagun yana gani kamar ta cikin hayaƙi. Ciwon suga ne ya fara taɓa shi. Ana yi maka magani, amma ko Anti ba ka gaya wa ba tukuna, don kada hankalinta ya tashi. Ka ce, "Kabiru, wannan tsakanina da kai ne." Na karɓi ledar doyar daga hannunka, na ce wallahi ba mai ji.

Ban gaya wa kowa ba, Yaya. Abin da na yi ya fi faɗa wa mutane muni.

A bazarar da ta biyo baya ce kyaftin ɗinmu ya koma Manchester da aiki. Shi ne ɗaya daga cikin masu buɗe mana wasa, sai ya bar gurbi biyu. Aka ba ni riƙon ƙwarya kafin zaɓen ƙarshen kaka. Ban yi mako biyu ba na fara jin ana cewa ai Bashir ne ya dace da kujerar. A ɗakin canza kaya ake faɗa, a cikin mota ake faɗa, ba wanda ya damu ko ina ji.

Ina son kujerar nan fiye da yadda zan iya bayyana maka ba tare da kunya ba. Kwana shida ina tsaye bayan kanta a kantin magani, mutane suna miƙo takarda ba su ko kalli fuskata. Ranar Lahadi ce kaɗai ake kiran sunana ana jiran abin da zan ce. Ƙaramin kulob ne na 'yan sha'awa, ba kofi, ba jarida, amma a idona ya zama kamar sarauta.

Akwai kuma abu na biyu. Gurbin mai buɗe wasa ni ya kamata in cike shi. Na fi ka ƙuruciya da shekara goma sha biyu, idona biyu garau, ina lamba huɗu. Tsoron sabuwar ƙwallo nake yi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai na ga dabara ɗaya za ta biya min buƙata biyu: in tsira da fatata, kai kuma ka yi ta faɗuwa a gaban masu son zaɓenka.

Na rubuta sunanka a saman takardar jerin masu bugu. Na tsaya a gaban jama'a na ce muna buƙatar mai gogewa a sama, kuma ba wanda ya kai Yaya Bashir. Kowa ya gyaɗa kai, wasu har da tafi. Kana sunkuye kana ɗaure igiyar takalmi. Ka ɗago ka dube ni, ka daɗe kana dubana, sannan ka ce, "To, kyaftin ya faɗa."

Da dama kake bugu. Mai bugu da dama kuwa, idonsa na hagu ne yake fuskantar mai jifa. Na san wannan sarai, domin kai ka koya min.

Lahadi huɗu a jere ana fitar da kai tun kafin masu kallo su gama zama. Ƙwallo ta wuce ka, sandunan da kake karewa a bayanka su watse, ka sa bat a hammata ka dawo a hankali, ka zauna ka tafa wa wanda ya shiga bayanka. Ba ka taɓa yin ƙorafi ba. Magana kuwa ta juya, yanzu cewa ake yi Bashir ya tsufa, shekaru sun cim masa. Ni kuma in sa fuskar tausayi in ce a yi masa uzuri. A cikin raina daɗi nake ji. Na rubuta wannan layin na goge ya fi sau biyar, amma gaskiya ce, dole ya tsaya.

Alhaji Issaka kaɗai ya tare ni, sakataren kulob, mutumin Kumasi mai kanti a Deptford. Ya ja ni gefe ya ce, "Kyaftin, mai da mutumin nan wurinshi. Ƙwallon nan ba ya ganinshi." Na ce masa a ƙara ba ka mako ɗaya, gwani ba ya mantuwa.

Makon nan ɗaya shi ne na Thamesmead. Tare muka hau bus, ka ba ni dabino daga aljihunka. Filin yana tsakanin dogayen gidajen siminti, iska tana kaɗowa daga kogi, sama ta yi duhu-duhu, irin ranar da ƙwallo take rawa yadda ta ga dama. Mai jifansu wani dogon saurayi ne da ake ta labarin ƙarfinsa. Ba ka saba sa hular kwano ba, don a lamba biyar ba ka taɓa buƙatarta ba. Tawa tana cikin jakata. Na sa hannu na taɓa ta, sannan na ja zif na rufe, domin in na miƙa maka, kamar na amsa cewa na san inda na tura ka.

Ƙwallo ta uku ta daki ƙasa ta taso. Mai gani zai kauce, ko ya sunkuya. Kai ko motsi ba ka yi ba. Har yau ina jin ƙarar. Kafin in iso kana kwance, jini ya ɓata farar rigarka, saurayin nan ya dafe kai yana ta ba da haƙuri, alhali ba laifinsa ba ne.

Washegari na zo asibiti da ledar lemo. Ɗakin cike yake da 'yan kulob. Anti ta riga ta ji labarin idon daga bakin likita, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta juyo ta tambaya, wa ya sa mutum mai shekara hamsin da ɗoriya a gaban irin wannan jifa? Sai na ji muryarka daga cikin bandeji, a hankali, kana cewa, "Ni na roƙi Kabiru ya kai ni sama. Ya hana ni, na nace."

Na tsaya riƙe da lemo na bar ƙaryar ta zauna. Da zan tafi, Anti ta rako ni har bakin ƙofa, ta yi min godiya da na yi ƙoƙarin hana ka. Na ce mata ba komai.

Ƙashin kunci ya karye, idon hagu kuma ya tafi gaba ɗaya. An ce min wataƙila ciwon da kansa zai cinye shi ko ba daɗe ko ba jima. Na riƙe wannan wataƙilar na yi ta lallashin kaina da ita, amma ba ta taɓa riƙe ni ba. Duba takardun ɗalibai ya gagare ka, ka ajiye aiki tun lokaci bai yi ba, kuka tattara kuka koma gida. Ni kuwa aka zaɓe ni kyaftin ba hamayya. Ni na ɗauki akwatunanku zuwa filin jirgi, ka rungume ni ka ce in dinga kira. A shekara biyu sau uku na kira ka, kullum ina hanzarin ajiyewa. Ba aiki ne ya yi min yawa ba. Muryarka ce ba na iya ɗauka.

Watan jiya, bayan sallar Juma'a, na bi ta kantin Alhaji Issaka. Muna hira sai sunanka ya faɗo. Yana jera kaya a kanta, ba tare da ya san me yake faɗa min ba, ya ce ai tun kafin wasan farko na waccan kakar ka zo wurinsa ka ce a cire sunanka daga maganar kyaftin, a ba Kabiru, ya isa. Ka ce kada a gaya min sai bayan zaɓe, don kada in ga kamar kyauta aka ba ni.

Na fito ban san inda nake taka ƙafa ba. Abin da na ci amanarka a kansa, ashe tuni ka ajiye min shi.

Lahadin da ta wuce na rubuta sunana a saman takarda, karo na farko a rayuwata. Da hular kwano na shiga, da idanu biyu lafiyayyu. Ƙwallo huɗu na gani aka fitar da ni. A cikin huɗun nan na ɗanɗana abin da ka shiga ciki har Lahadi biyar da ido ɗaya, ba tare da ka ce kanzil ba. Da aka tashi, na tara 'yan kulob a ɗakin canza kaya na faɗa musu komai, na ajiye kyaftin. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi min sauƙi. Alhaji Issaka ya ɗauki jakarsa ya ce, "Ba mu ne za ka gaya ma ba." Gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa na rubuto.

Yayana, tambaya ɗaya take cina. Ranar da ka ɗago kai daga igiyar takalmi, ka gane, ko? Ina jin ka gane. Wani lokaci in ce ka yarda ne don kada ka karya min magana a gaban jama'a a makonnina na farko. Wani lokaci in ce jira kake yi in ji kunya in janye da kaina, ka ba ni Lahadi biyar, ban janye ba. Ko wanne ne, kai kaɗai ka sani, kuma ba ni da hurumin matsa maka.

Roƙona shi ne, don Allah kada ka yi saurin ce min ba komai. Na san halinka, kafin Anti ta ajiye waya za ka ce ka yafe. Akwai komai, Yaya. Akwai idonka, akwai ajinka da ɗalibanka, akwai ƙaryar da ka yi a kan gadon asibiti saboda ni, kai da ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba. Ka yi fushi in kana da fushi. Ita ma Anti tana da nata hakkin a kaina, na karɓi godiyarta alhali ban cancanta ba.

Na yi booking na jirgi, ina tafe bayan Sallah in Allah Ya kai mu. Ba zan sauka ko'ina ba sai ƙofar gidanka. In ka ce a shigo da ni, zan durƙusa in faɗi wannan duka da bakina. In ka ce a ce min ba ka nan, zan zauna a dakali in jira, gobe ma in dawo.

Allah Ya tsare maka idon da ya rage, Ya ƙara masa haske. Allah Ya musanya maka wanda ka rasa da abin da ya fi shi, duniya da lahira. Allah Ya saka wa Anti Hajara da alheri, Ya sanyaya zuciyarta. Ni kuma Allah Ya yafe min, bayan kai ka ga dama ka yafe, ba kafin nan ba.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka, in har yanzu ka yarda in kira kaina haka,
Kabiru
Catford, Landan