Layi Goma a Bangon Barga

Daga: Matar marigayi mai dawaki,
Gida na ƙarshe, bayan rijiyar shayar da dabbobi.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Lafiyar Dabbobi.

Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ALLURAR DA LIKITANKU YA YI WA GOƊIYAR MIJINA BA DA IZININA BA, DA ƘARYAR DA AKA RUBUTA A KATINTA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa a kan rubutuna, domin a aji huɗu na tsaya. Babu wata takarda a hannuna, duk suna ofishinku. Daga kaina nake rubutawa, amma kwanakin nan ko barci nake aka tashe ni zan faɗe su daidai.

1. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya shekara talatin da ɗaya yana kiwon dawaki. Abin da ya rage mana a ƙarshe biyu ne, baƙin ingarma da muke kira Akawal, wanda aka haifa a hannunsa, da goɗiya guda. Ranar 14 ga Maris Akawal ya yi mata barbara, mijina ya je asibitinku aka rubuta a kati, aka ce likita zai zo bayan wata ɗaya ya duba. Ba ta ɗauka ba. Ta sake neman namiji, ya sake haɗa su ranar Juma'a 4 ga Afrilu. Wannan ta biyun bai kai ga sanar da ku ba. A bangon barga ya riƙa ƙirga kwanakinta kamar yadda ya saba, kowace safiya layi ɗaya da gawayi kafin ya zuba dusa.

2. Ranar Laraba 9 ga Afrilu da hantsi, babbar mota ta kwashe shi da Akawal a kan titi suna dawowa daga shan ruwa. Babu wanda ya tashi a cikinsu. Washegari da na shiga ba goɗiya harawa, na tarar da gawayinsa a kan taga inda ya ajiye, ga layi biyar a bango. Na ɗauka na ja na shida. Haka na ci gaba, domin idan akwai wani abu a cikinta, shi kaɗai ne ya rage daga dokin, kuma shi ne aikin ƙarshe da mijina ya sa hannu.

3. Ranar Litinin 14 ga Afrilu likitanku ya zo, dogon nan mai farin gilashi, da akwatin ɗaukar hoton ciki. Bai yi mini gaisuwar rashi ba, alhali tabarmin masu ta'aziyya na shimfiɗe a ƙofar gida, har ya tsallake ɗaya. Na bar wannan, ba shi ya kawo ni ba. Ya duba goɗiya bai fi minti uku ba, ya ce wata ɗaya ke nan, cikin fayau yake. Na ce masa ba wata ɗaya ba ne, kwana goma ne, na kama hannun rigarsa na nuna masa bango. Ya yi dariya, ya ce asibiti da kati yake aiki, ba da zanen gawayi ba. Ya ce in koma cikin gida in ji da abin da ya dame ni, harkar doki ba ta mata ba ce. Ni da na shekara ashirin da shida ina kwashe kashin doki, tun yana tatata!

4. Ina tsaye ina cewa a dakata, ya zuƙo allura ya caka mata a wuya. Sai bayan ya zare ya gaya mini wai don ta sake neman namiji ne, a kai ta wurin ingarman asibiti tun lokaci bai wuce ba. Wa ya roƙe shi ingarman asibiti? Goɗiya ta jiƙe sharkaf da gumi a gabana. Kwana huɗu bayan haka, ranar 18, ta fara ɗaga wutsiya tana haniniya tana kallon turken Akawal da babu kowa.

5. Ranar 28 ga Afrilu na je asibitinku da ƙafata. Wata likita dattijuwa, Allah ya saka mata, ta zaunar da ni ta yi mini bayani da biro a bayan ambulan. Ta ce a kwana goma ɗan tayin goɗiya bai kai ƙwayar wake ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yawo yake a cikin mahaifa, ya shiga wannan ɓangare ya koma wancan, sau da yawa a yini, yana taɓa ko'ina don jikin uwar ya san yana nan. Idan saƙon ya isa, jikinta sai ya riƙe wani sinadari da ke wanke mahaifa, ba ya sakinsa. Idan bai isa ba, ta sake shi, ciki ya tafi. Ta ce har yau masu ilimin ba su gama gane da me ɗan mitsitsin abin nan yake aika saƙonsa ba. Sai wajen kwana goma sha shida yake samun wuri ya kafu, don haka a kwana goma ko gwani yana iya duba dama, ɗan tayin yana hagu. Na tambaye ta allurar fa? Ta ce irin wannan sinadarin ne a cikin allurar. Wato abin yana can yana zagaye yana sallama ƙofa ƙofa, uwarsa na shirin amsawa, likitanku ya zo ya kore shi.

6. Ba zan yi muku ƙarya ba, Ranka ya daɗe, ko da yake an yi mini. Dattijuwar ta ce ba za ta rantse akwai ciki ba, ba kuma za ta rantse babu ba. Abin da ya kamata shi ne a jira kwana biyar a sake dubawa. Kwana biyar kacal. Da an jira aka tarar babu, da na ce haka Allah ya so, na share hawayena. Yanzu har in mutu ba zan sani ba, kuma wannan ne abin da ba zan yafe ba.

7. A ranar ce akawunku ya buɗe mini katin na gani da idona. An rubuta cewa goɗiyar juya ce, ita da ta haifi duƙushi uku lafiyayyu. A ƙasa kuma, a ranar 14 ga Afrilu, an rubuta cewa mai dabba ya amince da allura, ga sunan mijina cikakke. Mutumin da ya kwana biyar a kabari. Ina so Mai Girma ya tambayi ma'aikatansa ta wace hanya suka same shi har ya amince. Idan akwai hanyar, ni ma a nuna mini, ina da maganar da ban gama yi da shi ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa uku. A goge sunan mijina daga wannan katin, a rubuta gaskiya cewa matarsa ta hana aka ƙi ji. A goge kalmar juya. Sannan a kafa wa likitocinku doka, kada wanda ya sake zuƙo wannan allura sai ya tambayi mutanen gida ranar barbara ta ƙarshe, ko mace ce ta amsa masa. Ba na neman diyya, kuma kada a aiko mini da ingarman asibiti, zan mayar da shi daga bakin ƙofa.

Idan ana son shaida, a turo wakili tare da likitan nan ya tsaya a gaban bangon ya ƙirga da bakinsa. Ban wanke ba, ban ƙara ko ɗaya ba tun ranar. Biyar na farko miƙaƙƙu ne, hannun mijina ne. Biyar na ƙarshe sun karkace, nawa ne. A hanzarta, domin rufin barga yana yoyo daidai wurin, ga shi hadari ya fara haɗuwa.

Ina jiran amsar Mai Girma cikin girmamawa. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Ni ce mai ƙorafi,
Matar marigayi mai dawaki.
(Na sa hannu, na kuma dangwala yatsa, don kada gobe a ce wani ne ya amince a madadina.)