Waƙafin da ke cikin sunan Ya Mu'mina

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Hajjarmu ta ce tana son jin muryar Ya Mu'mina. Wata huɗu ke nan ba ta ambaci sunanta ba, sai yau. Na ce mai sauƙi ne, ai duk tatsuniyoyin Kanuri da yayata ta naɗa suna cikin manhajar cibiyarmu ta koyon kwamfuta da ke unguwar Mairi. Na rubuta sunanta a wurin bincike. Babu sakamako. Na rubuta nawa, Sauda, ya fito. Na ce wa Hajja netwok ne.

Laraba, 9 ga Yuli

Ba netwok ba ne. Ko dai an goge? Wayarta ma ta ɓace a asibiti, babu wani kwafi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na je wajen Malam Dzarma, mai koya mana kod, wato rubuta manhaja. Ya ce in daina kuka a kan kibod ɗinsa. Ya duba girman rumbun bayanan, ya ce bai ragu ba, abin yana ciki, tambayar ce ba ta isa gare shi. Wai manhajar tana amfani da wani laburaren kod na kyauta da 'yan sa-kai suke rubutawa, mu faɗa musu. Shi jarrabawa gare shi, in yi da kaina. Ni da ban gama sakandare ba! Ya Mu'mina ce mai wannan ƙwaƙwalwar, ni rakiya nake mata don wayfay.

Asabar, 12 ga Yuli

Na rubuta musu da Turancina na TikTok. Wani Justin ya amsa, ban san ƙasarsa ba. Wai a wajensa komai na aiki, in gwada wasu sunayen. Na gwada Tahir, Musa, Ajimi, duk sun fito. Sa'adatu ba ta fito ba. Mas'ud ma.

Hajja ta leƙo: "Har yanzu netwok ɗin?"

Talata, 15 ga Yuli

Na gano! Ɗan waƙafin nan na sama ne. Wayata lanƙwasasshe take sawa, kwamfutar cibiya miƙaƙƙe, kuma da ita Ya Mu'mina take rubutu. A ido ɗaya ne, laburaren kuwa baƙi biyu yake gani. Ita da take min faɗa in na rubuta Mumina: "Kin cinye min waƙafi, mayar min." Na kwafo miƙaƙƙen na liƙa, sai ga tatsuniyoyinta duka. Na ɗaga waya zan tura wa Ya Mu'mina, sai na tuna.

Laraba, 16 ga Yuli

Na kunna wa Hajja. Kafin tatsuniyar, ana jin Ya Mu'mina tana cewa, "Sauda, ajiye wayar nan, kina shigar min sauti." Hajja ta yi dariya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce in mayar baya. Ba tatsuniyar take so ba, wannan faɗan.

Lahadi, 20 ga Yuli

Justin ya gyara, ya rufe maganar. Haushi na ji, ban san dalili ba. Ƙila don yanzu ba ni da hujjar rubuta sunanta kullum.

Ya nemi izinin sa sunan cikin gwajin laburaren. Wai duk wanda ya taɓa kod ɗin, sai kwamfuta ta nemi Mu'mina ta same ta kafin a karɓi aikinsa. Ya tambaya ko wace ce.

Na rubuta "yayata ce". Na goge. Na sake rubutawa, na ƙara kalma ɗaya a gaba, wadda Hajja take faɗa ni ba na faɗa: marigayiya.

Allah ya jiƙanta. Gobe akwai aji, zan je.