Burushin Da Aka Ɗaura Wa Jan Zare

Abla Ihsan, don Allah ki taimake ni. Abin da zan rubuta ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi kwana goma sha biyu ina goge haƙorana da burushin yayata Rihab, alhali na san tana da ciwon hanta na C.

Shekarata goma sha biyar. A firamare na tsaya, domin Baba ya ce mutum ɗaya ce za ta ci gaba, kuma Rihab ta fi ni kai. Ban yi musu ba, gaskiya ne. Ita ke zuwa makaranta, ni ke da saniya da gashin gurasa da kai cuku kasuwa ran Talata.

Da masu gwajin jini suka zo, Baba da Mama suka je asibitin ƙauyenmu aka soke musu yatsa, lafiya lau. Su Rihab kuwa har aji aka bi su. Ni ban kai shekarun manya ba, ba na kuma cikin 'yan makaranta, sai aka tsallake ni. Ba wanda ya tuna.

Aka ce Rihab na da ciwon. Tun daga ranar gidanmu ya koma nata. Mama ta kai ta birnin Mansura aka sake ɗibar jini, aka ba ta ƙwayoyi. Duk wata su biyu suke shiga bas, ta dawo tana ba ni labarin gada da shagunan takalma, kuma sai an saya mata ruwan rake, wai yana gyara hanta. Ni sau ɗaya na taɓa zuwa Mansura, ina ƙarama. Tattabarun da nake kiwo an yanka mata huɗu, ni na fige su. In ta ɗauki tsintsiya sai Mama ta ce, "Ajiye, 'yar lelena, ƙanwarki na nan." Ni sunana kawai ake kira, shi ma in akwai aiki.

Mama ta ɗaura jan zare a kofinta da cokalinta da burushinta da abin yanke farcenta, ta ce kada wanda ya taɓa. Na ji an ce ta jini ake ɗauka, kuma na san dasashin Rihab yakan yi jini. Wata safiya bayan ta tafi makaranta na ɗauki burushin. Na ce a raina in na kamu, ni ma za a zaunar da ni kusa da taga a bas. Ina gogewa ina kuka, amma washegari na sake.

Ba ƙin ta nake yi ba, Abla. Rana ɗaya wata tsohuwa ta huda mana kunne muna yara, da allura ɗaya, ita farko sannan ni. Mama ta ce wataƙila a nan Rihab ta samo ciwon. A gabana ta faɗi haka, ba ta ko dubi kunnena ba.

Jiya Rihab ta ce mini, "Ke dai kin huta, da kowane kofi kike sha." Na daina taɓa burushin. Ran Talata in na sayar da cuku zan shiga asibiti ni kaɗai in miƙa yatsana. Ba zan gaya wa kowa ba.

Mai kiwon tattabaru

'Yata,

Kin yi abu mai haɗari kuma kin sani, don haka ba zan tsaya yi miki faɗa ba. Kin daina, kada ki koma. Ciwon nan yakan yi shekaru shiru yana cin hanta.

Zuwanki asibiti daidai ne. Amma ki gaya wa nas abu biyu: allurar kunne, da burushin har da ranar da kika daina. Gwajin yatsa ba ya nuna sabon kamu nan take, saboda haka tana iya cewa ki dawo bayan 'yan watanni a sake. Ta ji abin da ya fi wannan, ba za ta tsorata ba. In gwajin ya nuna wani abu, sai an ɗibi jini irin na Rihab a tabbatar. In an tabbatar, ƙwayoyi ne na kamar wata uku, kuma mafi yawan masu sha suna warkewa sarai.

Inda ban yarda da ke ba shi ne ɓoyon. A shekarunki, in magani ya kama, dole sai da babba a gefenki. Kishinki yana da tushe: an manta da ke, kuma laifin manya ne, ba naki ba. Amma ki tuna a ƙauyukanmu da wuya ki sami gidan da bai binne wani ba saboda hanta. Tsoro ne ya sa mahaifiyarki ba ta ganin kowa sai mai ciwon. Ba sai kin fara mata da zancen burushi ba. Ki ce, "Mama, da allurar nan aka huda ni, kuma ba a gwada ni ba." Ki tafi da ita ran Talata.

Ki kuma sake sauraron abin da Rihab ta ce miki. Abin da kike gani gata, ita wariya take ji. Kofi da cokali ba sa yaɗa wannan ciwo. Ki roƙi nas ta faɗa wa Mama da bakinta, jan zaren ya tsaya kan burushi da reza da abin yanke farce. Ruwan rake kuwa daɗi ne, ƙwayoyin su ne magani.

Tafiyar Mansura ta gaba, ki ce a tafi da ke. Saniya ba za ta rame ba don maƙwabciya ta ba ta ciyawar wuni ɗaya. Ba sai kin yi ciwo ba kafin ki zauna kusa da taga.

Allah ya sa jininki ya fito fes, ya ba yayarki lafiya, ku sha ruwan raken nan a kofi ɗaya.

Abla Ihsan