Wata Bakwai Ban Kashe Kwamfutar Maigidana Ba

Anti mai shawara, don Allah ki taimaka mini. Abin nan ya fi ƙarfin kaina, kuma duk wanda na faɗa wa ido da ido sai in ga yana danne dariya ko yana kallona da tausayi, ni kuwa ba ko ɗaya nake nema ba.

Maigidana ya rasu wata bakwai da suka wuce. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, sai babban ɗanmu ya sayo masa kwamfuta ta tafi-da-gidanka. Mutumin da ko saƙon waya sai an rubuta masa, sai ga shi ya koyi buga rubutu da yatsu biyu kamar kaza na tsattsagar hatsi. Wai tarihinsa yake rubuta wa jikoki: hanyoyin da ya bi, matan da suka haihu a bayan motarsa kafin a kai asibiti, waɗanda ya kai da rai da waɗanda bai kai ba. Ni kuwa tsiya nake masa, in ce wa zai zauna karanta tarihin direba. Yau ni ce mai karantawa kullum.

Ranar da ciwon ajalin ya taso masa da hantsi ne, yana teburin falo yana rubutu. Ya dafe ƙirji, muka tafi asibiti, bai dawo ba. Da na shigo gida na tarar da kwamfutar a buɗe, jone da caja, ɗan layin nan yana ƙyaftawa daidai inda ya tsaya. A tsakiyar jimla ya tsaya, yana ba da labarin ranar da ya fara ganina. Ban san ko ya adana shafukan ƙarshe ba, don mutum ne mai mantuwa, sau biyu rubutu na ɓace masa yana wuni bai ci abinci ba.

Tun ranar ban kashe ta ba. In wuta ta ɗauke sai in rungume ta in nufi gidan maƙwabta masu sola, har yaransu sun san sallamata. Ina magana da ɗana ta bidiyo a kanta, ina duba saƙonnin fansho, amma shafinsa ban taɓa saka masa ko ɗigo ba.

To, ga inda matsalar take. Kullum wani ɗan akwati na fitowa a gefen allo, wai akwai sabuntawa ta tsaro, sai kwamfutar ta kashe kanta ta sake kunnuwa. Kullum ina ɗage shi zuwa wani lokaci. 'Yata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta dame ni da cewa haɗari nake yi. Ta ce masu kutse sun kulle wa wata abokiyar aikinta kwamfuta, hotunan 'ya'yanta kaf suka tafi. Makon jiya ta kai hannu za ta danna, ban san lokacin da na buge mata hannu ba. Mace da 'ya'yanta uku, na buge ta kamar yarinyar da za ta taɓa tukunya a wuta. Ta ɗauki jakarta ta fita, tun daga nan gaisuwa ce kawai ta waya.

Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro. In na bari ta kashe kanta shafin ya ɓace, ba zan yafe wa kaina ba. In na ƙi kuma ɓarayi suka shiga, duka littafin ne zai tafi. Wanne zan yi?

Matar direba

Yaya matar direba, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Ban yi dariya ba, kuma tsoronki ba shirme ba ne. Rubutun da ba a adana ba yana iya ɓacewa in kwamfuta ta kashe kanta, don haka 'yarki ta yi gaggawa da ta kai hannu ba ta tambaye ki ba.

Amma a kan ainihin maganar ita ce da gaskiya. Sabuntawar nan gyara ne na ƙofofin da aka gano ɓarayi na iya bi. Da zarar an fitar da gyaran, su ma ɓarayin sun san inda ƙofar take, sai su bi suna laluben waɗanda ba su gyara ba. Ba sai sun san ki ba, ba sai kina da dukiya ba. Ke kuma kina kan intanet wata bakwai da ƙofofin a buɗe. Akwai ma abin da ya fi ɓarayi kusa, wato batir. Ranar da ya gaji, ba zai jira ki isa gidan masu sola ba. Littafin nan a yanzu wuri ɗaya tak yake a duniya, kuma wurin ba shi da tabbas.

Ba sai kin zaɓi ɗaya kin rasa ɗaya ba. Yau ɗin nan ki cire ta daga intanet, ki yi magana da ɗanki ta waya. Ki ɗauki hoton allon yadda yake, da layin da ya tsaya, sannan ki ɗauki hoton shafukan ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a adana rubutun, a kwafe shi da hotuna da duk abin da ke ciki a filashi biyu, wato 'yan na'urorin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. A buɗe ɗaya a wata kwamfutar a tabbatar shafin ƙarshe ya shiga. Ɗaya ya zauna a durowarki, ɗaya a gidan 'yarki, kuma kada a bar su jone. A kai wa masu buga takardu su fitar miki da littafin a kan takarda, ko kwafi uku ne, jikokin da aka rubuta dominsu su fara karantawa.

Sai bayan wannan za a mayar da intanet a yi sabuntawar, daga saitin kwamfutar kanta, ba daga wani saƙo ko shafi da ya faɗo yana tsorata ki ba. A bar ta jone da caja, kada a taɓa ta ko da ta daɗe, don aikin wata bakwai ne ya taru. In an gama a saita ta ta riƙa yi da kanta, ke kuma duk ranar da ta nemi a kashe a kunna, ki adana aikinki ki ba ta dama a ranar. In aka ce ta tsufa ba ta karɓar gyara, sai ta zauna ba intanet.

Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma kin san wadda za ki kira. Ki ba ta haƙuri kai tsaye, uwa ba ta raguwa da haka. Ki gaya mata abin da kika gaya mini, don ina zargin ba ta san shafin ba a adana yake ba, gani take taurin kai ne kawai. Ita ma mahaifi ta rasa.

Ba zan ɓoye miki ba, lokacin da allon zai yi baƙi zai yi miki nauyi, ƙila ki yi kuka, kuma ba laifi. Kada ki zauna kina kallonsa. Ki ɗauko takardun, ki sa 'yarki kusa da ke, ki fara karanta mata daga shafin farko da ƙarfi. Kafin ku kai haihuwa ta biyu a bayan motar, kwamfutar ta dawo.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita ki da 'yarki, ya sa jikokin su karanta kakansu har su ba nasu jikokin.